Amsar Baffa kan al'adar hana goge log da hannu

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa, na karanta saƙonka, inda kake tambaya ko me ya sa manyanka a wurin aiki suka hana ka goge fayilolin log (waɗanda sabar ke rubuta bayanan ayyukanta a ciki) da hannu, alhali faifan sabar Exchange ɗinku, wato kwamfutar da ke sarrafa imel ɗin ofis, ya kusa cika, kuma akwatunan saƙon ma'aikata an riga an kwashe su zuwa Exchange Online, wato Exchange ɗin da Microsoft ke gudanarwa a intanet, sabar ta gida ta zama mahaɗa kawai tsakanin ofis da Microsoft 365.

Wannan al'ada tana da tushe, sai dai ba kowane log ta shafa ba. Wanda aka yi haramcin dominsa shi ne log ɗin rumbun bayanai, waɗancan ƙananan fayiloli masu girman megabait 1 da sunansu kan fara da E00. Exchange tana fara rubuta kowane canji a cikinsu kafin ta shigar da shi cikin rumbun, saboda haka wanda ya goge fayil ɗin da ba a kai ga shigarwa ba kamar wanda ya yage shafi ne daga littafin bashin kanti kafin a kwafe shi cikin babban littafi. Idan sabar ta mutu a wannan hali, rumbun zai iya ƙin tashi gaba ɗaya. Ƙa'idar ita ce Exchange da kanta take share su bayan an kammala cikakken kwafin ajiya. Abin da ke faruwa a irin sabarku kuwa, mutane kan daina ɗaukar kwafin don suna ganin babu kowa a cikinta, su manta cewa akwatunan da tsarin ke amfani da su suna nan suna aiki, sai fayilolin su yi ta taruwa wata da watanni. Mafita biyu ce: ko a dawo da ɗaukar kwafi, ko a kunna saitin da ake kira circular logging, wanda ke sa ta share log da zarar abin da ke ciki ya shiga rumbu. Na biyun yana hana a dawo da abin da ya faru bayan kwafin ƙarshe, amma a sabar da ba ta riƙe da akwatin kowa, ni a ganina wannan ƙaramar asara ce.

Iri na biyu shi ne log na bincike da sa ido, wanda ya yawaita ƙwarai tun daga Exchange 2013, kuma za ka same shi a jakar Logging da ke ƙarƙashin V15, jakar da aka girka Exchange a ciki, tare da na IIS, manhajar Windows da ke karɓar masu shigowa sabar ta yanar gizo, da ke cikin jakar inetpub. Wasu suna share kansu, kamar na bin sawun saƙonni da ke ajiye kwana 30 idan ba a taɓa saitinsa ba, amma IIS ba ta goge nata ko kaɗan, kuma sau da yawa ita ce ke cinye faifan. Waɗannan babu laifi a goge su, muddin an rubuta ɗan umarni na PowerShell, manhajar ba da umarni ta Windows, da zai riƙa tashi kullum yana cire waɗanda suka wuce wa'adi.

A kan wa'adin ne nake so ka natsu. A watan Maris na 2021 Microsoft ta bayyana cewa maharan da ta kira Hafnium suna kutsawa cikin sabobin Exchange, kuma an gano cewa sun fara tun watan Janairu. Kayan binciken da ta fitar log ɗin HttpProxy, sashen Exchange da ke miƙa buƙatun da suka shigo ta yanar gizo, da makamantansa yake karantawa, don haka wanda ke ajiye na mako guda kacal ba shi da hanyar sanin ko an shige shi. Tun da sabarku tana fuskantar intanet, shawarata ita ce ku riƙe na IIS da na HttpProxy aƙalla kwana 90, ku matse tsofaffin ku kai su wani faifai daban.

Kada kuma ka jira faifan ya cika, domin tun kafin nan Exchange za ta fara ƙin karɓar saƙo tana nuna lambar kuskure 452 4.3.1, kuma duk na'urar ofis da ke aika saƙo ta hanyarta za ta tsaya. Ka auna girman kowace jaka tukuna, ka rubuta abin da ka gani da wa'adin da kake ba da shawara, ka kai wa shugabanka ya amince kafin ka taɓa komai.

Baffanka.