Fatawa: hukuncin niƙa dutsen zinari a cikin gida da wanke shi a tafkin gari

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni mazaunin wani ƙauye ne a ƙasar Anka, jihar Zamfara. Da damina noma nake yi, da rani kuma nakan sayi dutsen zinari wurin masu shiga rami, in niƙa in wanke. Saboda halin rashin tsaro, yanzu a bayan ɗakina nake shanya shi, wani lokaci a nan ake daka shi, wankin kuma a bakin tafkin da ke gefen gari. Ma'aikatan lafiya sun ce wannan gurɓata muhalli ne. Limaminmu kuwa ya ce ruwan tafkin mai tsarki ne, tunda dutse ba najasa ba ne. Malam, mene ne gurɓata muhalli a Shari'a? Kuma ina da zunubi, alhali gidana ne, da sana'ar nan nake ciyar da iyali?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya. Neman zinari da cinikinsa halal ne a asalinsa, matuƙar an kiyaye dokar da hukuma ta sa a kai. Amma shanya wannan dutse ko daka shi a gidan da mata da yara suke kwana, da wanke shi a ruwan da jama'a da dabbobi suke sha, haramun ne a kan wanda labarin cutarwarsa ya iske shi. Kai kuwa ya iske ka.

Liman bai yi kuskure ba a abin da ya faɗa, sai dai wata tambaya ya amsa daban. A mazhabar Malikiyya ruwa yana nan a kan tsarkinsa sai idan launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya canza da wani abu da ba nasa ba, kuma mai Risala, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, ya togace ruwan da ƙasar da yake kwance a kanta ta canza masa launi. Don haka wanda ya yi alwala da ruwan tafkinku alwalarsa ta yi, ba zai rama salla ba. To amma babin tsarki daban, babin cutarwa daban. Guba ba najasa ba ce, mutum zai iya yin salla da ita a aljihu, duk da haka babu malamin da ya halatta a zuba ta a rijiya. Nan ne mutanenmu da yawa suke tuntuɓe: sun ɗauka duk abin da bai hana salla ba to babu laifi a cikinsa.

Gurɓata muhalli shi ne mutum ya sanya wa ruwa ko ƙasa ko iska abin da zai mayar da su masu cutar da mutane ko dabbobi ko shuka, ido yana ganin abin ko ba ya gani. Wannan yana cikin ɓarnar da Allah ya hana a suratul A'araf, aya ta 56: "Kada ku yi ɓarna a ƙasa bayan an gyara ta." A suratul Baƙara, aya ta 205, ya siffanta mai ɓarna da cewa yana halaka shuka da zuriya, kuma Allah ba ya son ɓarna. Manzon Allah (SAW) ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudana, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. A ruwayar Abu Dawud daga Mu'azu ɗan Jabal ya ce a guji abubuwa uku masu jawo tsinuwa: yin bayan gida a mashayar ruwa, da tsakiyar hanya, da inuwa. Ka lura wuraren nan uku duk na jama'a ne. Idan ƙazantar da rana take busarwa cikin kwanaki tana jawo wa mai ita tsinuwa, ina ga abin da zai zauna a ƙasa shekara da shekaru?

Ba sai an je nesa neman hujjar cewa dutsen nan yana kisa ba, a ƙasarku abin ya faru. A farkon shekarar 2010 mutane sun ga agwagi suna ƙarewa a ƙauyuka, ba wanda ya kawo komai a ransa. Sai yara ƙanana suka fara amai da ciwon ciki da jijjiga, ana ba su maganin zazzaɓin cizon sauro ba sauƙi. A watan Maris na shekarar likitocin ƙungiyar agajin lafiya ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF suka ankara da yawan mace-macen, gwajin jini kuma ya nuna gubar dalma ce. Yara fiye da 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a garuruwa irin su Dareta, Abare, 'Yargalma, Sunke, Tungar Daji da Bagega, dubbai kuma suka kamu. Dalili shi ne dutsen zinarin yankin haɗe yake da dalma mai yawa, ana kawo shi cikin gida a daka a turmi ko a niƙa a inji irin na hatsi. Ƙurar ta sauka a tsakar gida, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Jikin ƙaramin yaro yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba yake zuƙa, shi ya sa uba yana ta harkarsa lafiya lau ɗansa yana suma. Tana taruwa a ƙashi, tana ratsawa daga mai ciki zuwa ɗan da ke cikinta, kuma yaron da ya rayu yana iya tashi da rauni a ƙwaƙwalwa har ƙarshen rayuwarsa. Wannan na ƙarshe ya fi tsaya mini a rai, domin ana ƙirga waɗanda aka binne, ba a ƙirga yaron da aka kai makarantar allo ya kasa riƙe karatu ana ta dukansa ana ce masa daƙiƙi.

Dalma ba ta ruɓewa, tafasa ruwa ba ya fitar da ita. Shi ya sa gyaran da aka yi wa waɗancan garuruwa sai da aka kankare ƙasar saman gidaje aka kwashe aka binne, aka zubo sabuwa. Bagega sai a 2013 aka yi mata nata, kuma likitoci ba su iya fara ba yaranta maganin fitar da gubar ba sai bayan an gyara, tunda babu amfanin wanke jinin yaro a mayar da shi gidan da ya sha ta. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Zaibar da ake kama zinari da ita ma guba ce, hayaƙinta idan ana ƙona ta yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda.

Sai maganar cewa gidanka ne. Mallaka a Musulunci tana da iyaka, iyakarta kuwa hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa: "Babu cuta, babu cutarwa." Malamanmu na fiƙihu sun gina hukunce-hukuncen maƙwabtaka a kansa tun da daɗewa. A Mukhtasar na Shehu Khalil an ce alƙali yana hana mutum hayaƙin da ke damun maƙwabta, da wari irin na majema, da kafa masussuka a gaban gidan wani. Duba wannan na ƙarshe da kyau. Ƙaiƙayi ne kawai iska take kwasa ta kai gidan maƙwabci, amma aka hana mutum yin sussuka a filinsa na kansa saboda shi. Ƙurar da ke tashi daga turminka ba ta tsayawa a katanga, kuma ba ƙaiƙayi take sa wa ba. Tafkin kuwa ko kaɗan ba naka ba ne, hadisi ya ce Musulmi suna tarayya a abu uku: ruwa da ciyawa da wuta. Ko a cikin gidan ma, gini ne naka, lafiyar matarka da 'ya'yanka amana ce a hannunka.

Na san talauci gaskiya ne, na san kuma fita daji a yankinku yanzu sayar da rai ne, ba na raina wannan uzuri. Sai dai ƙa'ida ita ce ba a kawar da cuta da cuta irinta ko wadda ta fi ta, kuma tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani. Abu Dawud ya ruwaito cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda yake ciyarwa. Larura tana halatta wa mutum cin mushe don ya rayu, ba ta halatta masa jefa ran wani cikin haɗari ba, balle ran yaron da bai san komai ba.

Abin da ya wajaba a kanka shi ne ka fitar da dutsen daga gida yau, da buhunan da aka zuba shi, kuma turmi ko kwanon da ya taɓa shi kada ya sake ganin abinci. Ku haɗu da abokan sana'a ku nemi mai gari ya ware muku wuri a bayan gari inda ake iya tsarewa, nesa da rijiya da tafki da burtali. A riƙa jiƙa dutsen ana niƙawa don ƙura ta kwanta, ruwan wanki ya tsaya a ramin da aka haƙa masa, kada yaro ko mai ciki su je wurin. Idan ka tashi aiki ka yi wanka a can ka canza tufafi kafin ka shiga gida ka ɗauki ɗanka. Ka kai yaran asibiti ka faɗi gaskiya cewa an daka dutse a gidan, a gwada jininsu ko da ka ga suna wasa lafiya, ka kuma nemi ma'aikata su duba ƙasar tsakar gidan. Sanar da mutanen gari abin da aka zuba a tafkin wajibi ne, ɓoye shi ha'inci ne. Idan duk wannan ya gagara, barin sana'ar ya zama dole har Allah ya kawo hali.

Iyayen da suka rasa 'ya'ya a 2010 ba su sani ba, babu zunubi a kansu, Allah ya ba su ladan haƙuri, kuma bai halatta kowa ya goranta musu ba. Wanda aka gargaɗa ya ci gaba har wani ya cutu, ko dabbar wani ta mutu, yana da zunubi kuma ana iya ɗora masa lamuni, wato biyan ɓarnar da ya jawo. Tantance wannan da abin da zai biya aikin alƙali ne bayan shaidar likitoci. Dillalan da ke ba da jari suna karɓar zinarin, alhali sun san a ɗakunan mutane ake daka shi, suna da kasonsu na alhaki, haka shugabannin da suka gani suka yi shiru. Ina kuma roƙon liman, Allah ya ƙara masa daraja, ya yi wa jama'a bayanin wannan bambanci a huɗubar Juma'a, domin maganarsa ta fi ta ma'aikacin lafiya shiga kunnensu.

Wallahu a'alam.