Amsa: Bambanta ciwon huhu da ruwan gazawar zuciya ta sikanin

Malama, kin tambaya ko na'urar sikanin masu ciki ta asibitinku na karkarar Jigawa za ta bambanta ciwon huhu da ruwan da gazawar zuciya ke tarawa a cikin huhu. Za ta iya. Idan zuciya ce, a hoton sikanin ƙirji za ki ga fararen layuka tsaye, layukan B, uku ko fiye tsakanin haƙarƙari biyu, dama da hagu, tantanin huhu kuma siriri sumul. Idan ciwon huhu ne, wato nimoniya ko tarin fuka, tantanin yakan yi kauri da gargada, kuma cutar tana kama wani wuri ta bar wani. Mai jegon da ke haki kuwa, musamman mai yawan shan kunun kanwa, don Allah ki duba zuciyarta kafin a ƙara mata ruwa, domin hakin yana iya zama na gazawar zuciya.