Tambaya da Amsa: Me ya sa ba a faɗin sunan ƙaramin soja idan ya rasu a bakin daga?

TAMBAYA

Malam, assalamu alaikum. Yayana kofur ne a soja. Ya rasu a bakin daga tare da hafsan da ke jagorantarsu da wasu abokan aikinsa. Washegari na kunna rediyo, na duba jaridu a intanet, ko'ina sunan hafsan ake faɗi, ga hotonsa, ga makarantun da ya yi. Sauran kuwa sai aka ce "da wasu sojoji", shi ke nan. Har yau mahaifiyarmu tana tambaya ko shi ba don ƙasar nan ya ba da ransa ba. Don Allah ka gaya mini, haka ƙa'idar aikin jarida take, ko son kai ne?

Daga wata ƙanwar soja

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan yayanki, ya ba ku haƙurin rashinsa. Ki isar mini da ta'aziyyata wurin Mama.

Babu ƙa'idar aikin jarida da ta ce a ambaci babba a bar ƙarami. Abin da ake da shi shi ne jinkiri. Rundunonin soja kan riƙe sunayen waɗanda suka rasu har sai an sanar da iyalansu, don kada uwa ta fara jin mutuwar ɗanta a rediyo ko ta ci karo da hotonsa a Facebook. A Amurka sai an yi awa 24 da sanar da iyali kafin a fitar da suna. Wannan jinkirin ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Amma idan iyali sun ji, an yi jana'iza, mako ya wuce, uzurin ya ƙare.

Yadda abin ke faruwa kuwa, ɗan jarida ba ya wurin da aka yi artabun. Sanarwar kakakin runduna yake jira, abin da ke cikinta shi zai rubuta. Hafsa yana da hotuna a ajiye, yana da abokan da suka yi makarantar horar da hafsoshi tare, su za su yi ta yaɗa tarihinsa kafin gari ya waye. Kofur ko farabiti kuwa sai an tashi an nemo gidansu, an buga waya, an jira. Kafin nan wani labarin ya shigo, edita ya juya. Na fahimci wannan matsin, amma ban yarda ya wanke mu 'yan jarida ba, domin komawa a nemo sunayen aikinmu ne.

Kuma abu ne mai yiwuwa. A watan Maris na 2024, da aka kashe sojoji 17 a Okuama ta jihar Delta, hedikwatar tsaro ta fitar da sunayensu duka da hotunansu, daga laftanar kanar har farabiti, jaridu kuma suka buga. Ki kwatanta da harin Metele a jihar Borno cikin Nuwamban 2018, inda aka shafe kwanaki ana gardama a kan adadi, runduna ta ce 23, wasu kafafe suna faɗin abin da ya ninka haka. Gardamar lissafi ta cinye labarin, mutanen da suka mutu suka ɓace a ciki.

Bambancin bai tsaya a muƙami ba, har ƙasar da mutum ya fito tana shiga. A Tongo Tongo ta Nijar, ranar 4 ga Oktoba 2017, an kashe sojojin Amurka huɗu a kwanton ɓauna, aka kashe na Nijar aƙalla huɗu a wuri guda. Duniya ta ga fuskokin Amurkawan, ta ji daga iyalansu, aka yi makonni ana magana. Abokan tafiyarsu 'yan Nijar kuwa layi ɗaya suka samu a ƙarshen rahoto. Ban ga laifin jaridun Amurka don sun yi kukan nasu ba. Abin da ke ci mini rai shi ne namu kafafen sun kwafo labarin yadda ya zo musu daga waje.

Tsohuwar cuta ce. Hukumar da ke kula da kaburburan sojojin Ingila da ƙasashen da ta mallaka, wadda aka kafa a 1917, ta yi alƙawarin cewa janar da ƙaramin soja dutse iri ɗaya za a kafa musu. A 2021 binciken da ita kanta ta sa aka yi ya nuna cewa aƙalla mutum 116,000, galibinsu 'yan Afirka, da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a rubuta sunansu ba, wasu ma ko alama ba a yi musu ba. Sai da sakataren tsaron Birtaniya ya nemi afuwa a majalisa. A Washington kuwa, bangon tunawa da yaƙin Vietnam yana ɗauke da sunaye sama da 58,000, an jera su bisa ranar mutuwa, babu muƙamin kowa a jiki.

Wani hanzari: faɗin suna daban, yaɗa hoton gawa daban. Masu tura bidiyon sojan da aka kashe a WhatsApp, sau da yawa ma wanda maharan suka ɗauka da kansu, ba karrama shi suke yi ba, tallan maƙiyansa suke yi, suna ƙara wa iyalinsa ciwo.

Shawarata gare ki, idan Mama da iyalinsa sun amince, ki rubuta cikakken sunansa, muƙaminsa, bataliyarsa, ranar da ya rasu da shekarun da ya yi yana aiki, ki haɗa da hotonsa cikin kaki, ki aika wa editocin da suka buga labarin ki nemi su cike giɓin. Ki sake tuna musu gab da 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya a Najeriya, lokacin da suke neman irin waɗannan labarai. Mu ma ki aiko mana, za mu buga a wannan fili tare da na abokan aikinsa idan iyalansu sun yarda.