Tambaya da Amsa: Ta ina zan fara koyar da darasin yanayi?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni malamar kimiyya ce a wata ƙaramar sakandare a Aboabo, nan Kumasi. An ɗora mini darasin yanayi, alhali a kwalejin horon malamai zane kawai muka yi a allo, ko ma'aunin ruwan sama ban taɓa riƙewa ba. Makarantarmu kuma ba kayan aiki. Ta ina zan fara?

Wata malama, Aboabo

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Tambayarki ta taɓa ni, don ni ma na daɗe ina zana gajimare da kibiyoyi a allo, har ranar da wani yaro ya tambaye ni me ya sa ruwa ke ɗaukewa a Kumasi cikin Agusta, alhali kakarsa ta ce a Kano lokacin ne ake marka. Na rasa amsa, kuma abin ya dame ni. Shi ya sa duk malamin da na horar, nakan ce ya fara aunawa da hannunsa kafin ya shiga aji.

Ki samo robar ruwa mai miƙaƙƙen jiki, ki yanke kanta, ki kifa shi ciki ya zama mazurari. Zuba tsakuwa a ƙasa kada iska ta kayar da ita, ki ƙara ruwa har ya rufe tsakuwar, nan ne sifili. Manna rula daga wannan layin. Ajiye ta a fili, nesa da indararo da bishiya. Kullum ƙarfe tara na safe yara biyu su karanta, su rubuta, su mayar da ruwan kan sifili. Ranar da ba a yi ruwa ba ma a rubuta, wannan yara sun fi mantawa da shi.

Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Idan rufin ajinku mita 10 ne da 6, aka yi ruwan milimita 20, lita 1,200 ke nan ta sauka, wato galan 48 na rawayen nan masu lita 25. Yaron da ke ɗiban ruwa da asuba zai gane wannan nan take, zai kuma gane dalilin da kwata ke tumbatsa idan shara ta toshe ta.

Amsar yaron nan kuwa ga ta. Iska biyu ke ja-in-ja a kanmu: busasshiya daga arewa maso gabas, mai kawo ƙurar Sahara da hunturu, da mai danshi daga teku ta kudu maso yamma. Mahaɗarsu na hawa arewa tana dawowa, ruwa na biye da ita. Sau biyu yake ratsa Kumasi, wajen Maris zuwa Yuli, sannan Satumba zuwa Nuwamba. A Agusta yana can arewa, Tamale da Kano na sha. Saboda haka kada ki haddace musu damina, kaka, hunturu da bazara kamar a Katsina suke zaune.

Ki riƙa karanta musu hasashen Hukumar Yanayi ta Ghana, su gwada shi da abin da robarsu ta nuna. Jami'ar Kwame Nkrumah da ke nan Kumasi tana da sashen nazarin yanayi. Ki roƙi shugaban makarantarku ya rubuta musu takardar neman ziyara, ya dace da 23 ga Maris, Ranar Yanayi ta Duniya. Ku tafi da littafin awonku.