Gwajin DNA zai iya tabbatar da ƙasusuwan ɗan'uwanmu ne?

Malam, ka ce an tsinci ƙasusuwa a daji wajen Birnin Gwari, kuna zaton na ƙaninku ne da ya ɓata, kuna so ku tabbatar. Allah Ya ba ku haƙuri. E, gwajin na iya tabbatarwa, amma sai abin da rana da damina suka rage.

Tsoka kan ruɓe da wuri, ƙashi mai tauri kuwa yana riƙe ƙwayar halittar gado, wato DNA, shekaru da yawa. Masana sun fi neman haƙoran matauni, ƙashin cinya, da wani ƙashi mai ƙarfi da ke kusa da kunne cikin ƙoƙon kai. Su wanke, su niƙa ya koma gari, sannan su ciro DNA ɗin. Zafi da laima na lalata shi. Ƙashin da ya ƙone ƙurmus da wuya a samu komai.

Daga nan sai a kwatanta da na dangi, kuma na uwa, uba ko 'ya'yansa ya fi. Akwai wani nau'in da ake gado ta wajen uwa kaɗai, ya fi jimre daɗewa, sai dai iyakarsa ya nuna tsatson uwa ɗaya ne. Da kwatanta DNA na ƙasusuwa da na dangi aka gane kusan mutum 7,000 cikin waɗanda aka kashe a garin Srebrenica na ƙasar Bosniya a 1995.

Na san zuciya na gaggawar sutura, amma kada ku kwashe da hannunku. Ku sanar da 'yan sanda, a ɗauki samfur kafin binnewa. Jihar Legas ta buɗe cibiyar irin wannan gwaji a 2017, ku tambaya ko za a tura can.