Kafin ka miƙa zomo ga likita

Ɗana, tambayar da ka yi mini jiya muna sharar keji, na ce ka bari sai na zauna, ga amsarta. Ka ce matar da ta ɗauki 'yan zomaye biyu a wurinmu, namiji da mace, ta dawo tana so a yi musu aikin hana haihuwa, ta kuma roƙe ka ka nuna mata likitan dabbobin da za ta kai su. Kai kuma ka rasa yadda ake gane wanda za a amince wa, tunda a ganinka duk wanda ya yi karatun ai ya san aikin. Ka kyauta da ba ka yi gaggawar kiran sunan kowa ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, in abu ya ɓaci kai da ka nuna hanya za ta riƙa tunawa.

Takardar shaida da rajista a hukumar likitocin dabbobi wajibi ne, wannan ba sai na tsaya a kai ba. Wanda ba shi da su kada ya taɓa maka dabba da wuƙa. Amma takarda kaɗai ba ta isa ba. A yawancin makarantun likitancin dabbobi karatu ya fi karkata ga shanu da dawaki da tumaki da kaji da karnuka da kyanwoyi, zomo ɗan kaso kaɗan yake samu. Sai ka ga likita gwani ne a kan kare, hannunsa da kyau, amma yana yi wa zomo kallon ƙaramar kyanwa mai dogon kunne. Daga wannan kallon asara take farawa.

Don haka akwai tambaya ɗaya da nake fara yi wa kowane likita, kafin ma in fito da zomon daga kwando: “Likita, in ɗauke masa abinci tun dare?” In ya ce e, a hana shi ci daga tsakar dare har safe, sai in yi godiya in ɗauki kwandona. Kare da kyanwa ana hana su ci kafin tiyata saboda kada su yi amai suna cikin barci ya shiga huhu. Zomo ba ya amai sam, haka aka halicci bakin tumbinsa, abin da ya shiga ba ya dawowa ta sama. Kuma hanjinsa ba ya son tsayawa ko na yini guda. A cikinsa akwai wani babban buhun hanji cike da ƙananan halittu masu narkar da ciyawa, in abinci ya daina wucewa sai su rikice, iska ta taru, ciki ya kumbura, ciwo ya hana shi ci, rashin cin ya ƙara tsayar da hanjin. Likitan da ya san zomo zai ce ka bar masa ingiricinsa da ruwansa har ku iso, ka ma zo da guzurin abin da ya saba ci. Wasu sukan janye abincin awa ɗaya ko biyu kafin aiki don baki ya zama babu saura, wannan ba laifi. Ka dai lura, wani lokaci mai karɓar baƙi ne yake maimaita abin da ya saba faɗa wa masu karnuka. Kada ka yanke hukunci da maganarsa, ka nemi jin ta bakin likitan da kansa.

Ba a littafi na koyi wannan ba. Ina sabon shiga sana'ar nan na kai wata zomanya fara mai baƙin hanci wani asibitin dabbobi. Aka ce in ɗauke mata abinci tun dare, na ɗauke. Aka yi aiki, ɗinki tsaf, aka sallame mu babu maganin ciwo ko na kwana ɗaya. Da muka dawo sai ta shige lungun keji ta dunƙule, ido a lumshe, tana goga haƙora a hankali, sai ka kasa kunne za ka ji. Na kai mata ganyen da ta fi so har bakin hanci, ta kau da kai. Washegari kashinta 'yan mitsi-mitsi, busassu, ba su fi a ƙirga ba. Rana ta biyu babu ko ɗaya, na taɓa kunnuwanta na ji su da sanyi. A dare na uku ta tafi. Ciwo da tsayuwar hanji ne suka kashe ta, yankan kuwa bai ko yi ja ba. Har yau in na ga zomo ya dunƙule haka a lungu gabana sai ya faɗi.

Yanzu maganar allurar barci, wadda ita ce abin da matar nan za ta fi tsoro, kuma tsoronta da dalili. Akwai babban bincike da David Brodbelt da abokan aikinsa suka yi a asibitocin dabbobi na Birtaniya, aka buga shi a 2008. Sun ƙirga dabbobin da suka mutu cikin awa 48 bayan an sa su barci: kare 1 cikin 601, kyanwa 1 cikin 419, zomo kuwa 1 cikin 72. Ko a cikin zomaye masu cikakkiyar lafiya, 1 cikin 137 ne. An samu ci gaba a kayan aiki da magunguna tun lokacin, amma zomo bai daina zama mai wuyar sha'ani ba. Ƙirjinsa ƙarami ne, ga ƙaton ciki yana danne shi in an kwantar da shi rigingine. Ta hanci kaɗai yake numfashi. Bakinsa matsattse ne, harshe ya cika shi, sa bututun numfashi a maƙogwaronsa sai wanda ya saba. In aka ɗora masa abin shaƙa yana farke ba tare da allurar kwantar da hankali ba, warin iskar yakan sa ya riƙe numfashi ya yi ta fizge-fizge. Ga kuma ɓoye ciwo: dabba ce da komai yake farauta, sai ya yi ta nuna yana lafiya alhali akwai cuta a huhunsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a binciken nan shi ne kusan kashi biyu cikin uku na zomayen da suka mutu, bayan an gama aikin suka mutu, akasari cikin awa 3 na farko. Wato lokacin da likita ya cire safar hannu, kowa ya ɗauka an gama. Shi ya sa nake tambaya: wa zai tsaya a kansa har ya farka? Da me za a ɗumama shi? Zafin jikin zomo yana tsakanin digiri 38.5 zuwa 40 a ma'aunin Salsiyos, kuma da yake ƙarami ne, an aske cikinsa, an goga masa ruwan kashe ƙwayoyin cuta, nan da nan yake sanyi. Asibitin kirki yana da shimfiɗa mai ɗumi, yana da iskar oksijin, yana da mutum guda wanda aikinsa kawai kallon numfashi da bugun zuciya yayin da likita yake yanka. Ka tambaya kuma zomaye nawa yake yi wa wannan aiki a wata, da yaushe rabon da wani ya mutu a hannunsa. Kada ka ji nauyi. Wanda ya san aikinsa ba ya jin haushin tambayar nan, zai ma ji daɗi ya samu wanda ya damu. Wanda ya murtuke fuska ya riga ya ba ka amsa.

Akwai kuma likitan da zai ce maka, gaskiya ni ban cika yin zomaye ba, je ka wurin wane. Wannan ka riƙe shi da mutunci, ka riƙa kai masa sauran dabbobinka.

Shi kansa aikin, na namiji da na mace ba ɗaya ba ne. Fiɗiyar namiji ta fi sauƙi, ana iya yi da zarar maraina sun sauko, wajen mako 10 zuwa 12, yawanci dai akan bari ya kai wata 3 ko 4. Sai dai ƙofar da ke tsakanin cikinsa da jakar marainan a buɗe take har tsufansa, shi ya sa in ya tsorata yakan janye su ciki ka nema ka rasa. In likita bai rufe wannan ƙofa ba, hanji na iya zubowa ta nan daga baya ya zama gwaiwa. Ka tambaye shi yadda yake rufewa. Kuma kada kowa ya kawo maka maganar dandaƙa ko ɗaure da roba irin ta bunsuru, zomo ba a yi masa haka.

Ta mace tiyata ce sosai, buɗe ciki ake yi a cire ƙwayayen da mahaifa. Akan yi tsakanin wata 4 zuwa 6, manyan jinsuna a ɗan ƙara musu lokaci. In aka daɗe ba a yi ba kitse yakan lulluɓe jijiyoyin jinin da ke kewaye da mahaifar, aiki ya ƙara wuya. Mahaifar zomanya reshe biyu ce, kowane da bakinsa, kuma hanjinta ba ya son taɓawa, ɗan wasa da shi kaɗan sai ya manne da maƙwabcinsa bayan warkewa. In matar ta ce to me ya sa za a jefa lafiyayyar dabba cikin wannan haɗari, ka gaya mata sankarar mahaifa ita ce ciwon dajin da ya fi kama zomanya, a wasu jinsuna fiye da rabin waɗanda suka haura shekara 4 ba a yi musu aiki ba suna kamuwa. Ban da cikin ƙarya da take yi tana tsige gashin ƙirjinta tana haɗa sheƙa, da cizo, da fitsarin da namiji yake fesawa ko'ina.

Ɗinki a ƙarƙashin fata ya kamata a yi, da zaren da yake narkewa da kansa, domin zomo in ya ga zare a waje kafin gari ya waye ya tsinke shi. Abin wuyan nan mai kama da mazurari da ake sa wa karnuka kuwa, sai dole. Ka san kashin nan mai laushi mai kama da curin 'ya'yan inabi da zomo yake lanƙwasawa ya ci kai tsaye daga jikinsa, abinci ne a gare shi, mazurarin yana hana shi kaiwa.

Magani ma ka sa ido. Ba a sallamar zomo babu maganin ciwo na kwanaki, meloksikam ne aka fi bayarwa ta baki, a asibiti kuma sukan haɗa da allura mai ƙarfi irin bufurenofin. Sannan akwai magungunan kashe ƙwayoyin cuta da suke lafiya ga kare amma guba ne ga zomo in an ba shi ta baki: penisilin, amoksisilin, kilindamaisin, linkomaisin. Suna kashe halittun kirki na hanjinsa, miyagun su yi yawa, zawo ya kashe shi cikin kwanaki. Penisilin ta allura daban ce, masana sukan yi amfani da ita a wasu cututtuka. Haka maganin ƙuma mai fifuronil, irin Frontline, ba a ɗiga wa zomo shi. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan a takardar magani, ka tsaya ka yi magana kafin ka bar wurin.

Wani abin kuma ba sai ka tambaya ba, idonka zai gaya maka. Ka kalli yadda yake ɗaukar zomon. Wanda ya cafko kunne, ko ya ɗaga shi ta fatar wuya ƙafafu na lilo, bai san abin da yake riƙe ba. Ƙashin zomo bai wuce kashi 8 cikin 100 na nauyinsa ba, ga ƙafafun baya masu ƙarfi, harbi ɗaya a iska yana iya karya masa gadon baya. Masani hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙugu, ya manna shi a jikinsa, ya rage murya. Zai ɗora shi a sikeli ya rubuta nauyi daidai, don da nauyi ake auna allura. Zai saurari ƙirji, ya saurari ciki, ya leƙa haƙoran ciki da fitila, ya duba ya tabbatar namijin namiji ne, macen mace ce. Ka nemi a nuna maka inda za a kwantar da shi. In kusa da kejin kare mai haushi ne, ko kyanwa na kallonsa ta waya, zomon nan ba zai ci komai ba ko da an gama aiki lafiya.

A Birtaniya ƙungiyar Rabbit Welfare Association and Fund tana da jerin asibitocin da suka san zomo, a Amurka ma House Rabbit Society tana da nata. Inda babu irin wannan, sai ka nemi waɗanda suka daɗe suna riƙon zomaye. Kada ka ce musu wane yana da kirki, kowa zai ce yana da kirki. Ka ce, naka nawa ya yi wa aiki, kuma a daren suka ci abinci ko sai da aka yi ɗura?

Ita kuma matar ka faɗa mata nata aikin. Ta shimfiɗa tsumma mai tsabta maimakon garin katako, ta hana tsalle-tsalle na kwana 7 zuwa 10, ta duba yankan safe da yamma. Ta karɓo sirinji da abincin ɗura tun daga asibiti, da lambar da za ta kira ko da tsakar dare. In awa 12 ta wuce bai ci ba ko bai yi kashi ba, ta koma a lokacin, kada ta ce sai gobe. Namijin kuma yana iya yi wa mace ciki har zuwa mako 6 bayan fiɗiya.

Zomayen nata biyun nan sun kusa wata 4, cikin zomanya kuma kwana 31 ne kacal, don haka in ta zo gobe ka fara sa ta raba su, keji biyu kusa da juna yadda za su riƙa jin ƙanshin juna ba tare da sun haɗu ba. Ka auna kowanne ka rubuta mata. Sannan ka raka ta wurin likitan ba tare da zomayen ba tukuna, ka yi tambayoyin da bakinka, ka dawo ka gaya mini abin da ya ce a kan abinci.