Jirgin Faransa da ya shekara 144 a hannun Ingila

Tambaya: Malam, a zamanin da jiragen yaƙi na katako ke tafiya da iska, idan aka kama na abokan gaba, ƙona shi ake yi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ba kasafai ba, ɗan'uwa. Babban jirgi yakan lashe dubban itatuwa da aikin shekaru kafin ya taɓa ruwa, wa zai cinna wa irin wannan ganima wuta? Turawan Ingila jan shi suke yi gida, gwamnati ta saya, a raba wa waɗanda suka kamo shi kuɗin, a gyara shi ya koma yaƙar masu shi na da.

Ga Duguay-Trouin, jirgin Faransa mai igwa 74, wanda aka ƙera a Rochefort. Yana cikin yaƙin Trafalgar, inda jiragen Ingila suka gwabza da na Faransa da Sifen a teku, ranar 21 ga Oktoba 1805, ya kuma tsira. Bayan mako biyu, ranar 4 ga Nuwamba, jiragen kwamandan Ingila Richard Strachan suka ritsa shi da wasu uku kusa da Ortegal a arewacin Sifen, suka kama su. Kyaftin ɗinsa ya mutu a faɗan. Ingila ta raɗa masa suna Implacable, a 1808 har ya gwabza da jirgin Rasha a tekun Baltik. Da ya tsufa sai ya zama makarantar koya wa yara aikin jirgi.

Ƙarshensa ne ke ci mini rai. Bayan yaƙin duniya na biyu katakonsa ya ruɓe, aljihun Ingila kuma babu nauyi. Aka yi wa Faransa tayinsa, ita ma ta ce ba za ta iya ba. Ranar 2 ga Disamba 1949 aka ja shi daga Portsmouth zuwa tsakiyar ruwa, tutar Ingila da ta Faransa suna kaɗawa tare a bayansa, aka tayar da nakiya a cikinsa. Ƙasan jirgin ya ɓalle ya nutse, saman kuwa ya ƙi, ya yi ta yawo kan ruwa na sa'o'i, mutane na kallo.

A ganina an yi gaggawa. Ban da Victory, jirgin da ya jagoranci rundunar Ingila a yaƙin, shi kaɗai ne jirgin da ya ga Trafalgar ya kai wannan lokaci. Sassaƙen goshinsa da adon bayansa aka cire, suna gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich a Landan.